Adon Ajin Firamare: A Bar wa Bango Wurin Shan Iska

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani abu da ba kasafai ake ɗaukarsa da muhimmanci ba idan ana maganar ilimin firamare, wato yadda malamai ke ƙawata azuzuwansu. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara, kuma duk farkon zangon karatu nakan ga abokan aikina sun duƙufa wajen yanka kwali da shafa launi da manna hotuna, har sai an rasa ko tafin hannu na bango da babu abin da aka liƙa masa. Wata takan zaɓi jigo guda na shekara, kamar sararin samaniya ko dabbobin dawa ko halittun teku, sannan ta sa ƙofa da allo da ma sunayen yara su bi wannan jigo. Niyyar mai kyau ce, ni ma na yi haka, kuma na yi alfahari da shi.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne ranar da nake koyar da ɗebewa, na tambayi wani yaro amsa, sai ya ce mini kifayen da ke saman allo goma sha uku ne. Ashe tun da na fara bayani ƙirga su yake yi, kuma ƙirgen nasa daidai ne. Ban ga laifinsa ba, domin ni ce na ajiye masa abin da ya fi muryata jan hankali.

Daga baya na gano cewa masana sun auna wannan al'amari. A shekarar 2014 Anna Fisher da abokan aikinta a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka sun koya wa yara 24 'yan ajin share fage darussa shida na kimiyya, uku a cikin aji mai cike da ado, uku kuma a cikin aji mai bango fayau. Yaran sun amsa kusan kashi 42 cikin 100 na tambayoyi daidai bayan darussan aji mai ado, amma sun kai kusan kashi 55 bayan darussan ɗaya ajin, kuma lokacin da hankalinsu ya bar darasi ya fi yawa a inda aka cika ado. Adalci shi ne a faɗi cewa binciken ƙarami ne, darussan gajeru ne, kuma ko a ajin da babu ado yaran sun sami abin shagala a junansu. Don haka ba hujja ba ce ta a tuɓe bango ƙaf.

Wani bincike mafi girma da Farfesa Peter Barrett na Jami'ar Salford ya jagoranta a Ingila, wanda aka fitar a 2015, ya duba azuzuwa 153 a makarantu 27 da ɗalibai 3,766. Sakamakonsa ya nuna cewa yanayin ɗakin karatu yana da hannu a kusan kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban da yara ke samu a shekara, kuma kusan rabin wannan tasiri ya fito ne daga haske da iska da zafi ko sanyin ɗaki. Game da ado kuwa, tsaka-tsaki ne ya fi amfani, har suka ba da shawarar a bar kashi 20 zuwa 50 na bango babu komai a kansa. Wannan ya tuna mini da ajujuwan da na sha gani inda aka manne takardu a jikin gilashin taga, aka toshe hasken da ya fi duk hotunan amfani ga idon yaro.

A ganina, tambayar da ta kamata malama ta yi wa kowace takarda kafin ta kafa ta ita ce: wa zai yi amfani da wannan, kuma yaushe? Jadawalin haruffa da yaro zai ɗaga kai ya duba yayin rubutu ya cancanci wurinsa, muddin an sa shi daidai tsayin idon yaro ba na babba ba. Zanen da ɗalibi ya yi da hannunsa, ko da karkatacce ne, ya fi hoton da aka buga a shago daraja, domin mai shi zai tsaya gabansa ya nuna wa abokinsa, kuma zai ji cewa ajin nasa ne. Makarantun birnin Reggio Emilia na Italiya, waɗanda suke kiran muhalli malami na uku, sun yi suna ne da cika bango da aikin yara da maganganunsu. Bangon da ke kewaye da allo kuwa ya kamata ya fi kowane shiru, a mai da sauran nuni baya ko gefe.

Adon da ke bin sauyin yanayi shi ne na fi ƙauna, kuma shi ne aka fi ɓata wa suna. Sau da yawa ana sayo hotunan wani yanayi da yaran ba su taɓa gani ba a liƙa musu, alhali abin da ke faruwa a bayan taga ya ishe su darasi. Ƙaramin tebur a kusurwa, inda yara za su ajiye ganyen da suka tsinto su ga yadda launinsa ke sauyawa, da ƙwayar iri a cikin kwalba mai jiƙaƙƙen auduga da za su riƙa auna tsironta da rula, da jadawalin da suke cikawa kowace safiya ko an yi rana ko hadari ko iska, duk wannan kimiyya ce da lissafi da sababbin kalmomi a wuri guda. Sharaɗin shi ne a sauke shi idan lokacinsa ya wuce. Nunin damina da ya kai tsakiyar rani yana rataye, ya koɗe ya yi ƙura, idon yaro ya riga ya daina ganinsa.

Roƙona ga shugabannin makarantu da masu duba malamai shi ne su daina auna ƙwazon malama da yawan abin da ta manna. Wannan ma'auni ne ke sa malamai kashe kuɗin aljihunsu da lokacin da ya kamata su shirya darasi, musamman yanzu da hotunan azuzuwa masu ƙyalli ke yawo a intanet suna sa kowa jin cewa nasa bai kai ba. Idan mai dubawa ya shiga aji, ya kira ɗalibi ɗaya ya nuna masa abu uku a bango, ya tambaye shi wa ya yi su da kuma amfanin da suke yi masa.

Taka mai karanta jaridarku,
Wata malamar firamare