Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Batun Jinkirin Aiki Da Maganar Inji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu, da duk wanda ya taɓa ba mu aiki ko da na benci ne, muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Dole ce ta sa na rubuto wannan takarda. Tun bayan Sallah wayata ba ta hutawa, kuma tambayar ba ta wuce biyu: me ya sa aiki ya makara, me ya sa kuɗi ya ƙaru. Akwai ta uku da ba a yi mini ita a gaba, sai dai ta zagayo ta same ni, wai mun sallami yaranmu, wai shagon na dab da rufewa tunda inji ya karɓe sana'ar kafinta. Wannan ta ukun ta fi yi mini ciwo. Ba mu sallami kowa ba, shago yana buɗe, kullum da safe ana share shi ana kama aiki.

Maganar inji kuwa gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba. Yawancin kayan ɗakin da ake yayi yanzu, gado mai zane a fuska, sif mai ƙofa shida, kabad ɗin kicin, da allon MDF ko HDF ake yin su, wato allon garin katako da aka matse da gam, wanda ke zuwa ƙafa 8 da 4. Yankan wannan allo da zana masa fulawa, injin CNC ne ke yi. Ana zana abin a kwamfuta, a shimfiɗa allon, a danna, bakin injin ya bi layi yana ci har ya gama. Fuskar gadon da gwaninmu zai yi kwanaki yana sassaƙa ta, injin kan fitar da ita tsakanin azahar da la'asar, kuma ta goma daidai take da ta farko. Mu ba mu da wannan inji. Daga China ake shigo da shi, da dala ake saye, ga shi yana son wuta mai ƙarfi wadda ba ta ɗaukewa. Ƙaramin shago irin namu sai dai ya ɗora alluna a kura ya kai wa mai shi, ya bi layi, ya biya kuɗin yanka.

To a nan matsalar take. Wanda muke kai wa yanka, mun daɗe tare, ban kuma zo nan don in ɓata shi ba. Amma tun da manyan 'yan kwangila suka gano shi, masu kawo aikin otal da na rukunin gidaje, mu masu kawo allunan gado ɗaya ko biyu muka koma ƙarshen layi. A ce ka zo Talata, ka zo a ce bakin injin ya karye ana jiran wani daga Legas. Ka koma Alhamis, a ce yaron da ya iya kwamfutar ya yi tafiya. Shi kaɗai ne ya iya, in ba ya nan injin ma ba ya nan. Ranar da aka samu yaron da bakin, sai a ce babu wuta, kuma ba za a tayar da janareta don aikinmu kaɗai ba. Ya ƙara mana kuɗin yanka fiye da sau ɗaya, kowane ƙari da hujjarsa, kuma in ka duba ba ƙarya yake yi ba. Kowa ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. A watan Afrilun 2024 aka mayar da wutar masu layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit. Allon nan daga waje yake zuwa, haka gam, haka hannun durowa, haka fenti. Katakon ma da muke saya a Na'ibawa 'Yan Katako, mota ce ke ɗauko shi daga kudu, kuma motar ba ruwa take sha ba. Duk wanda ya je Ƙofar Ruwa sayen kusa a 'yan kwanakin nan ya san abin da nake faɗi. Ƙarin da kuka gani a takardarmu, wallahi bai kai wanda aka yi mana ba.

Wani Alhaji da nake girmamawa ya ce da ni, cikin nasiha, in nemi wata sana'a tun da wuri, don nan gaba kwamfuta ce za ta riƙa zana gado, inji ya yanka, babu mai neman kafinta. Na gode masa, amma ban yarda ba. Muna ganin wannan ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kai, kusan kullum sai an shigo mana da ita a waya. Amarya ta zo da hoton gadon da kwamfuta ta zana mata, kyakkyawa kam, haske ta ko'ina. Sai babban kafintanmu ya karɓi wayar ya faɗaɗa hoton da yatsa, ya nuna mata cewa durowar gefen nan in an jawo ta ƙafar gadon za ta daka, kuma wannan kan gadon, tsayinsa ya fi ƙofar ɗakinta. Ya ɗauki fensirin da ke kunnensa ya gyara a bayan kwali, ta tafi tana murna. Kwamfutar ba ta taɓa shiga lungun Yakasai da sif a ka ba. Ba ta san daɓen ɗakin ya karkata ba, sai an sa wa ƙafa ɗaya ƙari. Ba ta san katakon da bai bushe ba zai tsage da zarar hunturu ya busa, ko cewa MDF in ruwan mofa ya riƙa taɓa gindinsa zai kumbura kafin damina biyu. Mu muka san wannan, don mu ake kira in abin ya faru. Shi ya sa har gobe muke sa madaci ko malaina a ƙashin gado, duk da ya fi tsada, allon kuma mu bar shi a fuska.

Inda abin ya taɓa ni shi ne wajen yara. Aikin da yaro ke fara koyo da shi, awo, jan zarto a miƙe, sassaƙa, shi injin ya fara ɗauka. Dattijon da ke mana zanen fulawa da hannu, wanda shi ya koya wa rabin shagon nan, yanzu sai a yi makonni ba a kawo masa aiki ba. Yana zuwa duk da haka, yana zama a bencinsa yana wasa kayan aikinsa, muna kuma ba shi abin da ya sawwaƙa. Yaran da iyayensu suka kawo mana amana, waɗansu marayu, in muka ce kowa ya tafi, ina za su? Manyan wuraren da ke cike da injuna mutum kaɗan suke ɗauka. Ina tunanin wannan da dare fiye da yadda nake tunanin kuɗin haya.

Ba zaune muke ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Muna magana da waɗansu mutane, akwai kuma shirye-shiryen da ba na so in faɗa kafin su nuna. Muna duba yadda za a sake tsarin aiki, da yadda yaranmu ma za su san kan waɗannan abubuwa na zamani. In Allah ya yarda za ku ga canji nan ba da daɗewa ba.

Na san waɗansu sun leƙa wuraren da ke sayar da kayan Turkiyya da na China, waɗansu kuma sun kai aikinsu inda ake gamawa cikin mako. Kowa da ikon kuɗinsa, ba mu riƙe kowa a zuci ba. Abin da kawai nake roƙo, in za a kwatanta farashi, a juya kayan a duba bayansu, a tambayi wanda zai zo gyara in an tashi daga gidan haya an kwance sif, sukurori suka ƙi kamawa. Mu dai ba a taɓa kiranmu gyaran aikinmu muka ce sai an biya kuɗin mota ba.

Hajiyarmu ta Gwale, wadda mahaifina ya yi wa gadon aurenta, mu kuma muka yi wa 'ya'yanta mata duka kayan ɗaki, yanzu ga jika an kawo mana, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Kayan jikar nan su ne a gaba, na yi alkawari. Malam mai makarantar Islamiyya a Ɗorayi, da tun tana aji biyu muke yi masa bencina har ta zama bene, mun gode da haƙurin da aka yi da mu. Alhajinmu na Kantin Kwari da bai taɓa tambayar farashi kafin ya ba da aiki ba, kuma ya ba mu kuɗin katako a lokacin da ba mu da ko sisi, ba mu manta ba. Da ku iyayenmu mata masu haɗa kuɗin adashi a kawo mana kaɗan-kaɗan har kayan yarinya su cika, kuɗinku yana nan a rubuce, babu abin da zai taɓa shi, kuma wanda ya gama biya kafin ƙarin nan ba za a nemi ko kwabo a wajensa ba.

Duk wanda bikinsa ya matso, don Allah ya turo ko ya zo da kansa ya faɗa mana ranar jere, mu san wanda za mu sa a gaba. Wanda kuma ya yarda a yi masa fuskar gado da hannu maimakon jiran inji, ya faɗa, dattijon yana nan kuma a shirye yake. Wanda ya ji wata magana a kanmu, ya taka ya zo shagon, gani ya kori ji. Muna nan daga safe har magariba, ban da Juma'a da muke tashi kafin masallaci.

Allah ya bar mu tare, ya sa albarka a nemanku da namu.

Naku,
Mai shago, a madadin dukan kafintoci da yaran aiki
Kano