Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Kan Canza Ƙwaƙwalwar Motata Ba Tare da Cikakken Bincike Ba

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, abin da ya sa na fito da wannan magana bainar jama'a shi ne, sau uku ina zuwa garejinku na Kano ana ce mini manaja ya fita, kuma takardar da na bari a hannun mai karɓar baƙi har yau ba a amsa ta ba. Na sakaya sunan kamfaninku saboda haƙƙina nake nema, kuma na tabbata ma'aikatanku za su gane motar da zarar sun karanta.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2007, shigowar Amurka. A tsakiyar zafin bazara ta fara wata ɗabi'a: idan injin ya yi zafi sai ta mutu ana cikin tafiya, fitilar cek ta kama, sai an jira ta huce sannan ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ranar da ta mutu mini a hanyar Zariya, dab da Kwanar Dangora, ga iyali a ciki ga tireloli na wucewa, na yanke shawarar in bar garejin bakin titi in kawo ta wurinku, domin tallanku na cewa da na'ura kuke bincike.

Ma'aikacinku ya jona na'urar sikan a ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ya duba allo, ya ce lambar da ta fito ita ce P0606, saboda haka birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, ya ƙone. Ko bonet bai buɗe ba. Da na tambaye shi ko akwai wani abin da ya kamata a auna tukuna, sai ya ce ai waɗannan motoci an san su da wannan ciwo, har kamfanin da ya ƙera su ya taɓa kiran a mayar da su. Wannan magana tana da tushe, kuma ba zan musa ta ba. A watan Agustan 2010 Toyota ta sanar da kiran motocin Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya, ƙirar 2005 zuwa 2008, a Arewacin Amurka, saboda tsagewar da kan auku a kan allon da ke cikin ƙwaƙwalwar, wadda kan sa mota ta mutu ko ta ƙi tashi. Amma kasancewar an san wani gida da wata cuta ba ya sa likita ya yi wa kowane ɗan gidan tiyata ba tare da ya gwada shi ba. Motata tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda da ita ake duba ko an riga an yi mata wancan gyara tun tana can. Ba wanda ya nemi ya karanta ta.

Na amince da hukuncinku saboda ku ne masana. Na biya kuɗin da ya kusa albashina na wata guda, aka rubuta mini a rasit cewa sabuwar ƙwaƙwalwa ce, aka kuma caje ni daban don abin da kuka kira furogiramin, wato daidaita ta da na'urar makulli don motar ta yarda ta tashi. Kwana huɗu da karɓo motar, ta sake mutuwa a cunkoson yamma, da alamomi iri ɗaya da na farko, har da lambar da ta fito a allo. Da na dawo, aka ce mini wataƙila famfon mai ne, in kawo kuɗi a canza. A nan ne na gane cewa canki-canka ake yi da aljihuna.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo mai aikin wayar mota a wajen Ƙofar Ruwa, wanda kayan aikinsa ba su wuce mitar auna wuta guda ɗaya da fitilar gwaji ba. Abin da ya yi shi nake so ku karanta da kyau, domin shi ne ainihin ƙorafina. Ya fara auna batir, ya samu wuta ta kai volt 12.6 injin na kashe, ya tayar da motar ya ga altaneta na bayar da kusan volt 14, ya ce nan lafiya. Ya duba fiyus da rile ɗin da ke kai wa ƙwaƙwalwar wuta. Daga nan ya bar motar tana silo har ta yi zafi, ya bi wayoyin at, waɗanda ke haɗa ƙwaƙwalwar da jikin injin don wuta ta samu hanyar komawa. Yana girgiza ɗaya daga cikinsu injin ya yi tari ya mutu. Noti ne ya saki, tsatsa ta cinye kan wayar, saura 'yan silala kaɗan ke riƙe da ita. Ya yanke, ya sa sabon kai, ya kankare wurin, ya ɗaure. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma tun ranar motar ta je Kaduna ta dawo sau biyu ba ta ko yi gyatsa ba.

Dattijon ya yi mini bayanin da ya kamata in ji daga bakin ma'aikatanku. Ƙwaƙwalwar mota tana karɓar saƙo daga na'urorin da ke auna juyawar injin, da yawan iskar da ke shiga, da zafin ruwa, da hayaƙin da ke fita, sannan ta ba nozil umarnin fesa mai, ta ba kwail umarnin ba fulogi wuta. Duk wannan lissafi ya dogara ne da tsayayyiyar wuta. Idan wayar at tana kamawa tana saki, ƙwaƙwalwar kan rikice har ta rubuta laifi a kan kanta, alhali lafiyarta ƙalau. Lambar da na'ura ke nunawa tana faɗa wa bakanike inda zai fara dubawa ne kawai, kuma ƙa'idar da duk mai wannan sana'a ya sani ita ce, ba a yanke wa ƙwaƙwalwa hukunci sai an tabbatar da wutar da ke shigar mata da wayoyin da ke fita daga cikinta. Ku kuwa kun bar jaki kuna dukan taiki, kuma ni na biya kuɗin sandar.

Akwai abu na biyu wanda ya fi na farko ci mini rai. Da muka cire akwatin gaban kujerar mai zaman banza muka duba ƙwaƙwalwar da kuka sa, sai muka ga rubutun fenti mai ruwan ɗorawa a jikinta, irin wanda ake yi wa kayan Beljiyam, ga ƙura a cikin soket, ga alamar an taɓa ɗaure ta a wata motar. Ni ba na ƙin kayan Beljiyam. Rabin motocin da ke yawo a garin nan da su suke tafiya, kuma da an gaya mini gaskiya da farashin da ya dace, mai yiwuwa da na karɓa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a sayar mini da tsohon kaya a rubuta sabo a rasit mai ɗauke da hatimin kamfani. Haka kuma tawa ta asali, wadda yanzu ta tabbata ba abin da ya same ta, an ƙi ba ni ita. Da farko an ce an jefar, daga baya wani yaron gareji ya ce tana sito.

Saboda haka ina neman ku dawo mini da ƙwaƙwalwar motata ta asali, mai lambar da ta fara da 89661 kamar yadda take a katin aikin da kuka cike, ku mayar da ita mazauninta, ku daidaita ta da makullina ba tare da na ƙara ko kwabo ba. Ku ɗauki taku ku mayar mini da kuɗin da na biya, har da na furogiramin. Kuɗin binciken farko na yafe, ko da yake binciken minti biyar ne. Ina kuma roƙon ku umarci ma'aikatanku su riƙa ba mai mota rubutaccen sakamakon abin da suka auna kafin su nemi ya sayi kaya mai tsada irin wannan, su kuma miƙa masa tsohon da aka cire a hannunsa.

Na ba ku mako biyu daga ranar da wannan takarda ta fita. Idan ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit, da hotunan ƙwaƙwalwar da kuka sa, da guntun wayar da aka yanke, gaban hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya, kuma a can zan ambaci sunan kamfanin. Lambar wayata tana kan katin aikin da ke hannunku.

Wassalam,
Abokin cinikinku,
daga Kano.