Zuwa ga abokan cinikinmu, game da doguwar hanyar cikin gonaki

Assalamu alaikum.

Da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan wasiƙa, kullum ina cewa bari a ga abin da mako mai zuwa zai zo da shi. To, makonni sun shuɗe, maganar da ya kamata ku ji daga bakinmu kuna ta jin ta a bakin wasu, har wani ya kira ni yana yi mini jaje wai mun rufe kamfani. Ba mu rufe ba. Kekunanmu suna nan, makanikenmu yana nan, jagororinmu ma babu wanda ya tafi. Abin da ya faru shi ne an hana mu bin doguwar hanyar nan da ke ratsa gonaki ta gangara rafi ta hau tudu, wadda na san yawancinku saboda ita kuke zuwa.

Hanyar ba tamu ba ce, kuma ba mu taɓa cewa tamu ce ba. Mafi yawanta burtali ne na kowa da kowa. Amma yankin tsakiya, daga itacen nan mai inuwa inda muke tsayawa shan ruwa zuwa mashigar rafi, a cikin gonar wani dattijo yake. Shekara 8 da suka wuce na je har gida na roƙe shi, ya amince bisa sharaɗi 3: mu bi gefen gona, mu rufe ƙyauren shinge idan mun wuce, kada mu shiga bayan an yi ruwa sai ƙasa ta tsane. Duk wanda ya taɓa fita da mu shaida ne cewa jagoranmu shi ne na ƙarshe a layi, shi ke ɗaure ƙyauren da hannunsa. Sau nawa muka soke fita ana gobe saboda ruwan dare, muka mayar muku da kuɗinku, wasunku har da fushi? Don wannan alkawarin ne.

Sai ga wasu mahaya, waɗanda ba daga wurinmu suka ɗauki keke ba, ba kuma mu muka raka su ba, sun shiga da sassafe bayan an kwana ana ruwa. Gefen gona ya yi musu taɓo, suka yanke ta tsakiyar shuka, suka bar ƙyauren a buɗe. Kafin azahar shanu sun shiga. Na je da kaina na gani. Sawun taya ya tsaga kunya-kunya, zurfinsa ya kusa shanye yatsana, ruwa kwance a ciki, ga shuka a kwance an tattake. Na durƙusa na nuna wa dattijon zanen tayar, na ce Baba, duba, wannan ba irin namu ba ne, duk kekunanmu taya iri ɗaya muke sa musu, mai inci 29, kuma haƙoranta ba haka suke ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi a wurinsa keke keke ne. Washegari ya sa waya a ƙyauren.

Ban ga laifinsa ba, ko da yake abin ya yi mini ciwo. Wanda bai san ƙasa ba zai ce sawun keke har nawa yake. Amma a kan gangara, tsagin da taya ta yi a jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ruwan gaba zai bi, ya ƙara masa zurfi, na bayansa ya ƙara masa faɗi, kafin damina ta fita ya zama kwazazzabo yana cin gona. Shi ya sa masu shimfiɗa irin waɗannan hanyoyi suke da ƙa'idar cewa gangarar hanya kada ta wuce rabin gangarar tudun da take ratsawa, kuma idan an auna ta gaba ɗaya kada ta haura kashi 10 cikin 100. Mun san wannan. Mu ne muka karkatar da hanyar wajen sauka rafi, da fartanya da shebur, don ruwa ya riƙa tsallakewa maimakon ya bi ta. Babu wanda ya biya mu, ba mu kuma yi shela ba. Ina faɗa ne kawai don na ji ana cewa sakacinmu ne ya jawo.

Ba a kanmu aka fara ba ma. Ƙungiyar IMBA ta masu keken hawan tsauni, da aka kafa a 1988 a jihar Kalifoniya ta Amurka, barazanar rufe wa mahaya hanyoyi ce ta haife ta, kuma cikin dokokin da take koyarwa har yau akwai bin hanyar da aka ba da izini kaɗai, da barin ƙyaure yadda ka same shi, da kada a firgita dabbobi. Abin da muke nanata muku ke nan kowace safiya kafin a hau, har wasu suna zolayata da cewa huɗubar ta yi tsawo.

Da matsalar ita kaɗai ce da da sauƙi. Wanda ke kawo mana kayan gyara ya yi mana alkawarin sarƙoƙi da takalman birki tun kafin ruwa ya sauka, har yau muna jira, kullum da sabon uzuri. Laka da yashi suna cinye takalmin birki fiye da yadda kuke zato, fita ɗaya cikin taɓo tana iya gamawa da sabo. Sarƙa kuwa tana da ma'auni: a kekunan da ke da giya 11 ko 12 a baya, da zarar ta miƙe da kashi 0.5 cikin 100 sai canji, idan aka yi ganganci ta ci haƙoran giyar, asara ta ninka. Makanikenmu ba ya wasa da wannan, duk keken da bai ci jarrabawarsa ba rataye shi yake yi. Don haka idan kun zo an ce babu keke daidai tsayinku, alhali kuna ganin wasu a rataye a bango, ba rowa ba ce. Gara ku tafi kuna jin haushina da in ɗora ɗan wani a kan keken da birkinsa ba zai kama a gangara ba.

Ga kuma kuɗin man mota. Sauran hanyoyin da za a iya bi sun fi nisa daga wurinmu, sai an loda kekuna a mota an kai, an dawo da su, wani lokacin sawu 2. Kuɗin haya zai ɗan motsa. Ban so ba, na yi ta lissafi ina sakewa.

Game da abin da muke yi, muna kan magana. Akwai masu mutunci da suka shiga tsakani, kuma ban fid da rai ba cewa idan an yi girbi zuciya ta yi sanyi za a sake duba lamarin. Muna kuma leƙa wasu wurare, amma ba na so in ambaci abin da bai tabbata ba. Kayan gyara ma muna neman wata kafa. Da zarar an sami abin faɗa za ku ji.

Na san wasu sun koma wani wuri. Ba mu hana kowa ba, kowa da inda hankalinsa ya kwanta. Sai dai ina roƙon duk inda kuka je, ku tambaya ko an nemi izinin masu gonakin da ake ratsawa.

Ga waɗanda suka tsaya, ban san da wane baki zan gode muku ba. Alhaji, kai da ka kawo ɗanka yana ɗan yaro ƙafarsa ba ta kai feda sosai, yanzu shi ke gaba a hawan tudu yana jiran mu a sama, na ga saƙonka, Allah ya bar zumunci. Malaman makarantar nan da ba su taɓa fashin fitar ƙarshen zango ba tun shekararmu ta farko, kun ce a riƙe kuɗinku har a buɗe hanya, wallahi ranar sai da na rasa abin cewa. Hajiya da ƙawayenta masu fitar sanyin safiya, da likitan da ya taɓa ɗaure wa jagoranmu hannu a bakin rafi ya ƙi karɓar ko godiya, duk kuna cikin raina.

Gajeriyar hanyar da ke zagaye ta bayan tudu tana nan a buɗe, burtali ce daga farko har ƙarshe, ba ta shiga gonar kowa. Ba ta kai waccan daɗi ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma akwai hawa mai kyau a cikinta. Za mu fita ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe in Allah ya yarda, idan ba a kwana ana ruwa ba. Ku kira tun ranar Alhamis a ware muku keke, ku zo da hular kwano idan kuna da taku. Wanda ya riga ya biya kuɗin doguwar hanya kuma yana son a mayar masa, ya zo ya same ni, ni da kaina zan ba shi.

Naku,
Mai kamfani, a madadin sauran ma'aikata.