A tantance yaro da harshen gidansu tukuna

Ranka ya daɗe Edita,

Tunda dokar 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar tare da Faransanci, akwai abin da ya kamata malaman makarantun Damagaram su kula da shi. Yaron da ke musanya "p" da "f" a Ingilishi lafiyarsa lau. Hausa ce ba ta bambanta sautukan biyu, shi ya sa ake jin haka har a Ingilishin Kano.

Larurar harshe ta gaskiya, wato matsalar koyon magana da fahimtarta, tana bayyana a duk harsunan da yaro yake ji. Saboda haka a fara gwada shi da harshen gida, Hausa ko Barbarci, kuma a haɗa kalmomin da ya sani a harsunan gaba ɗaya wajen ƙirga. Ɗan shekara 2 yakan kai kalmomi kusan 50, yana haɗa biyu: "ba ni", "Inna zo". In bai kai nan ba, a soma da duba kunnensa. Ruwan da ke taruwa bayan fatar dodon kunne yana dushe ji, sau da yawa ba tare da ciwo ba, iyaye su ɗauka taurin kai ne.

In'ina kuwa takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma tsawa ƙara ta take yi. A bar yaro ya ƙarasa maganarsa, kada a ƙarasa masa.

Wasu malaman harshe,
Damagaram