Ƙorafi Kan Hatimin Injiniya A Manhajarku Ta Zanen Gini

Zuwa ga shugabannin kamfani da wakilanku na Najeriya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni injiniyan gine-gine ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ina aiki a Kano, kuma duk shekara ofishinmu yana biyan kuɗin manhajarku da dala. Na fito da wannan ƙorafi bainar jama'a ne saboda na bi ta sashenku na sauraren masu saye, amsar da aka ba ni ba ta wuce cewa an miƙa maganar gaba ba. Sabuwar siga ta fito, matsalar tana nan daram.

Maganar a kan akwatin bayanai ne na kusurwar takardar zane. Kun ware gurbin sunan aiki, da kwanan wata, da sikeli, da sunan wanda ya zana da wanda ya duba, amma babu gurbin hatimin injiniya. Shawarar da kuke bayarwa ita ce mutum ya ɗauki hoton hatiminsa ya manna, yadda ake manna tambarin kamfani. A babbar takarda ta A1 yana fita da kyau. Da an rage zuwa ƙaramar takarda ta A3 don kai wa wurin aiki, sai lambar rajista ta dushe har ba ta karantuwa. Idan aka tura fayil ga mai zanen fasali, wani lokaci hoton ba ya bin sa, sai ya buɗe ya tarar da akwati fanko.

Waɗannan duk masu sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne da zarar hoton ya shiga samfurin takarda na ofis, to ya hau kowane shafi ke nan, har da zanen gwaji da ɗalibi mai sanin makamar aiki ya yi wanda ban ko sa shi a ido ba. Babu makulli, babu kalmar sirri. Duk wanda fayil ya faɗa hannunsa zai iya kwafe hatimin ya ɗora a kan zanen da ya ga dama. A wani aikin bene na tarar da ɗan kwangila riƙe da zane mai hatimina, amma an mayar da rodin ginshiƙai daga milimita 16 zuwa 12. Da na ce a tsaya, sai ya nuna min kusurwar takardar da yatsa ya ce, "Injiniya, ai ga hatiminka nan." Da ba a gano ba kafin zuba kankare, wa za a kama?

Ku gane cewa hatimin nan alkawari ne. Wanda ya buga shi yana cewa ya yi lissafin nauyi, ya duba, kuma ya ɗauki alhakin rayukan da za su kwana a ƙarƙashin rufin. Tun 1970 doka ta kafa COREN don a san waye injiniya, kuma hukumomin tsara birane irin KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna suna duba hatimi kafin su amince da zanen bene. Ƙasarmu ta ga abin da ya isa: bene mai hawa 21 na Ikoyi a Legas a Nuwamban 2021, ginin titin Beirut a nan Kano a Agustan 2022, da makarantar Saints Academy ta Jos a Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu. Ban ɗora muku laifin ko ɗaya daga ciki ba. Amma duk sanda gini ya rufta, masu bincike zanen da aka amince da shi suke nema, su ga hatimin wa ke kai. Manhajar da ta sa satar hatimi ta zama aikin minti ɗaya ta raunana wannan shaidar.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Ku ware wa hatimi gurbi mai tsayayyen girma, kuma kada ya bayyana a shafi sai mai shi ya buɗe da kalmar sirrinsa, shafi bayan shafi. Mafi muhimmanci, ku ɗaure shi da lambar gyara, wato lambar da ke nuna karo na nawa aka gyara zanen, ta yadda duk wanda ya taɓa ko layi ɗaya bayan an buga, hatimin zai ɓace har sai injiniya ya sake dubawa. Sa hannu na dijital a fayil ɗin PDF ya daɗe yana yin irin wannan aiki, yana nuna an canza takarda bayan sa hannu, don haka ba sabuwar fasaha nake roƙo ba.

A yanzu na cire hoton daga duk samfuranmu, na koma buga hatimi da hannu a kan kowace takarda. Ina jiran amsa a rubuce, wadda za ta faɗi siga da watan da za a yi gyaran, kafin lokacin sabunta biyan kuɗinmu ya zo.

Naku,
Injiniyan gine-gine, Kano