Zuwa ga ɗana a Gubi

Babana,

Assalamu alaikum. Mutanen gida duk lafiya, Innarka ma ta warware daga zazzaɓin.

Tun da ka koma makaranta, maganar da ka faɗa mini a zaure daren Sallah take cina. Ka ce a cikin abokan ɗakinka kai wani mutum ne, a nan Azare kuma wani, har ka rasa wanne ne kai. Ban amsa maka ba, domin ƙirjina ya yi nauyi.

Wannan ja-in-ja ba ciwo ba ne. A aya ta 2 ta Suratul Ƙiyama, Allah ya rantse da rai mai yawan zargin kansa. Ranar da naka ya daina tuhumarka, ranar hankalina zai tashi.

A 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi, ina koyon ɗinki a wani shago kusa da Kasuwar Wunti a garin Bauchi. Maigidana bai taɓa dukana ba. Amma duk rigar da na miƙa masa, sai ya juya ta ya ce, "Kai hannunka ba na allura ba ne." Shekara biyu ina jin haka har na yarda, in na hau keke ƙafata rawa take yi. Da na koma wurin wani dattijo, in na ɓata ɗinki farkewa kawai yake yi, ya ce in sake. Kafin wata shida na yanka babbar riga da kaina. Hannun nan dai shi ne, Babana. Amma har yau, in almakashi ya kuskure, muryar mutumin farko nake fara ji.

Ka san misalin abokin kirki da mugun aboki da Annabi (SAW) ya buga da mai turare da mai zuga wuta a maƙera. Ban ce ka guji abokanka ba. Yadda yanzu kake kafa hujja kafin ka yi musu, a wurinsu ka samo, kuma na ji daɗinsa. Sai dai dariyar da ka yi wa ƙanwarka da ta kasa faɗin kalmar Turanci, wannan ba taka ba ce, aro ka yi. Ta shige ɗaki ta yi kuka, ba ka sani ba.

In ka tashi daga hira da su, ka ɗan zauna kai kaɗai ka duba: nutsuwa ka samu, ko kunyar gidanku?

Innarka ta ba direba yaji da ƙuli-ƙuli, ka karɓa a tasha. Ka kira ranar Juma'a bayan masallaci, ka fara neman ƙanwar taka.

Mahaifinka.