Koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan ramin masu tifa da ya ci mana yaro

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne, manoma da makiyaya da matasan gari, mun taru a ƙofar masallaci bayan isha'i muka ce a rubuto maka, kuma da sanin Dagaci da masu unguwanni.

Ranka ya daɗe ranar Talatar nan mun binne yaro. Ɗan shekara tara, ya bi awakin gidansu bayan gari da la'asar, santsi ya kwashe shi ya faɗa ramin nan da masu tifa suka haƙa suna ɗibar yashi da burji, ruwan damina ya cika shi maƙil. Muka kwana muna nema da tocila, sai da gari ya waye wani masunci ya shiga da gora ya fito da shi. Silifas ɗinsa ƙafa ɗaya har yanzu yana bakin ramin, babu wanda ya iya ɗauka. Washegari muna zaman makoki wallahi tifa ta zo ta wuce ta ƙofar gidan shaƙe da yashi, ta bule masu gaisuwa da ƙura, direban ko rage gudu bai yi ba. Da ƙyar dattawa suka riƙe samari ranar.

Mun san inda yashin yake tafiya, birni ake ginawa da shi. Kano ta cika ta batse, tun ƙidayar 2006 mutum sama da miliyan 9 aka samu a jihar balle yanzu, Kumbotso da Ungogo da iyayenmu suka sani gonaki yau duk sun zama cikin gari. Kuma mu ba mu ƙi birni ba, yaranmu da yawa can suke samun na tuwo, wani yana jan Adaidaita Sahu wani yana dako a Singa ko Dawanau, tunda gona in an raba gado ba ta isar kowa ga taki ya fi ƙarfin talaka, kuɗin da suke aikowa shi ke riƙe gidaje da dama. Amma a kwashe mana samari, a kwashe ƙasa, a bar mana rami, wannan kam ya yi yawa.

Ga dillalan filaye ma sun sako mu gaba da awon igiya, a yanka gona fuloti fuloti ba hanya ba magudanar ruwa, har burtali sun shiga, shanu sai ta cikin gero suke bi, faɗa kullum. A Ingila doka ta kewaye Landan da fili da gonaki da aka hana cika su da gini, mu nan kowa da igiyarsa. Alhali dokar filaye ta 1978 ta sa filin karkara a hannun ƙaramar hukuma, kenan akwai mai ikon cewa a tsaya.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun je, mun rubuta, an ce za a turo kwamiti, an zo an duba an ɗauki hoto an tafi, bara ma haka, har mun gaji da kai takarda.

Dan Allah ranka ya daɗe a dakatar da haƙar nan yau ba gobe ba. A sa waɗanda suka haƙa su cike ramin da kuɗinsu, kafin nan a kewaye shi ko da da ƙaya ne. A binciko wa ya ba su izini da nawa aka karɓa, a faɗa mana a bainar jama'a. A duba iyayen yaron nan, har yau babu mai tifa ɗaya da ya tako gaisuwa. A fitar mana da burtali, a hana yanka fili sai da hanya da kwalbati, tifofi su daina bi ta gaban makarantar firamare. Kuma a cike ramin, a cike shi, yara suna wucewa ta wajen safe da yamma.

Muna roƙon ka tako da kanka ka gani, ka kuma kai kukanmu gaban shugaban ƙaramar hukuma da fadar Mai Martaba. Allah ya taimake ka, ya ƙara maka imani.

Mu ne naka masu biyayya,
al'ummar gari, a madadin iyayen marigayin.